Harafi Mai Tumbi da Harafi Mai Goyo

A aji na biyu na lakkol ɗinmu, wato makarantar boko, ta Tawa, babu abin da ya hana ni sakat kamar haruffa biyu: b da d. A idona tagwaye ne. Ranar dikte, in anka ce mu rubuta "bonbon", sai in rubuta "dondon", in ɗaga allona sama ina murmushi, 'yan aji su fashe da dariya. Malaminmu na farko ya yanke cewa ƙiwuya ce ke damuna. Babata kuma ta ce yawan cin fara ne ya toshe mini kai.

Tsakiyar shekara anka kawo mana sabuwar malama, muna ce mata madam, 'yar Kalfu, gajera mai saurin tafiya. Ta duba allona ba ta yi faɗa ba. Da anka fita hutun safe ta kira ni gindin iccen bedi, ta zana sanda a ƙasa, ta ce wannan mutum ne yana tafiya hannun dama, inda rubutu ke nufa. Ta yi mishi ƙullutu a gaba, ta tambaye ni ko mene ne. Na ce tumbi. Ta zana wani da ƙullutu a baya, na ce goyo ne.

"To, mai tumbi shi ne b, mai goyo d," in ji ta. "Wa kika sani mai tumbi?"

Daidai lokacin darakta, shugaban lakkol ɗin, ya ratso fili, rigarsa na neman tsinke maɓalli. Na nuna shi da baki. Madam ta danne dariya, ta ce wannan ya tsaya tsakaninmu.

Kullum sai ta sa in zana su a yashi da yatsa, manya-manya, ina faɗin sunansu. Sannu a hankali sunka rabu a idona.

Wata safiya darakta ya shigo aji, ya ga diktena babu kure, ya tambayi yadda anka yi.

Na kira shi yadda muke kiran malamai maza da Faransanci, na ce, "Mushe, ai b kai ne."

Madam ta kama goge allon da babu kome a kai. Shi kuwa ya dubi harafin, ya dubi cikinsa, ya yi dariya har da tari, ya ce aƙalla tumbin ya yi wa gwamnati aiki.

Da maraice madam ta raka ni har bakin titi, tana ta jan kunnena a kan saurin baki, ta saya mini ƙosai.