Haruffan Awaisu

Shekara shida Awaisu ɗan Malam Maitama ya yi yana aiki da wata ƙungiyar manoman masara da auduga a Danja. Shi ke tattara awon ruwan sama na ƙauyuka, ya zuba a kwamfuta, manhaja ta zana masa jadawali, ya buga a liƙa a bangon ofis don kowa ya san lokacin shuka.

Haruffan da manhajar ta zo da su sirara ne. Dattawa sukan matso har hanci ya kusa taɓa takarda, su ce, "Malam Awaisu, wannan ai sawun tururuwa ne." Sai ya zauna ya zana nasa ɗaya bayan ɗaya, masu kauri, irin yadda hannunsa ke rubuta suna a jikin buhu. Ya girka su a kwamfutarsa, ya nuna wa manhajar inda za ta ɗauko su. Mahaifinsa, tsohon malamin lissafi, ya leƙa ya ce ɓata lokaci ne, lambobi su ne aikin.

A kakar bara zazzaɓi ya ɗauke Awaisu cikin kwana huɗu.

Bayan sadakar arba'in Malam Maitama ya kwashe aikin ɗansa kaf a filas, 'yar na'urar ajiya, ya duba sau biyu. Sannan ya kai kwamfutar shagon Chinonso mai gyara a Funtua, ya ce a goge ta tas, a bai wa Sadiya ƙanwar marigayin don makaranta.

Da damina ta gabato ƙungiya ta roƙi jadawalin bana. Malam Maitama ya koma shagon, Chinonso ya sa filas a wata kwamfuta ya kunna. Layuka suka fito daidai, rubutun kuwa siriri, irin na kowa.

"Ina rubutun yaron?" in ji Malam Maitama.

"Baba, haruffa ba sa zama tare da aikin. Wani lungu suke daban cikin na'urar, kuma mun goge."

"Ba ka gaya mini ba."

"Wallahi Baba, kai ka ce tas."

"Haka na ce."

Ya shiga mota zuwa Danja. Takarda uku na Awaisu suka rage a bangon ofis, rana ta koɗar da su. Harafi goma sha tara ake iya gani. Da ya kira Chinonso a waya, Chinonso ya ce zai kwaikwayi sauran, babu mai ganewa.

"Ni zan gane," in ji Malam Maitama.

Ya ce a buga wa manoma da kowane rubutu mai kauri, kada shuka ta wuce su. Takardun uku kuwa ya ɓamɓare su a hankali, ya naɗe, ya tafi da su gida.