Barira Mai Tukwane da Fitilun Ba'indiya

Barira ba ta miƙa wa mai saye tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta kusa da kunne, ta saurara. In sautin bai yi mata ba, ta ajiye ta gefe, ko mai sayen ya nace. Haka na san ta a Yelwa, muna maƙwabtaka, lokacin muna Jihar Sakkwato.

A shekarun nan akwai malamai Indiyawa a makarantar sakandare. Matar ɗayansu ce ta zo wurin Barira bayan ɗaukewar ruwa, ta kwatanta mata da tafin hannu: 'yan ƙananan kasake masu tsinin baki. Ta ce bikinsu na fitilu ne ya zo, Diwali suke ce masa. Ana zuba mai, a murza auduga, a jera a ƙofar gida da magariba. Kowace shekara sababbi take so.

Wannan maganar ce mutane suka riƙe. Altine, matar wan mijin Barira, ta tare ta a bakin rijiya.

"Ke Barira, kasko na tsufa ne a biki guda? Na bara ina suka tahi?"

"Ni gini aka ce in yi, Yaya. Ba a ce in bi su ba."

"An ga an yi zane-zane da garin shinkafa a ƙofar Ba'indiyar. Ko shi ma ke kika daka?"

Barira ta yi dariya. Altine ba ta yi ba.

Shekarar da kifi ya yi ƙaranci, Gambo masunci ya ce ya tsinci wasu kasaken a bakin tafki, bakinsu duk baƙin hayaƙi. Ya zagaya da su kasuwar kifi, kowa ya gane hannun. Babu wanda ya ce Barira ta yi wani abu. Mata dai suka fara cewa randar garin Shanga ta fi sanyaya ruwa. Masu sayen tukwanen amarya suka koma bin wata hanya. Ni ma iyalina ta sauya, ban tambaye ta dalili ba.

Wasu sun ce Ba'indiyar ce ta kai kasaken ruwa, don ba sa jefa kayan ibada a juji. Mai yiwuwa. Wasu sun ce daga bayan gidan malamin aka kwaso su. Ban gani ba. Na dai san Gambo ƙanin Altine ne, Altine ma kuma tana ginin tukwane.

Da kaka ta zagayo, Barira ta kwaɓa laka ta gina kasaken, ta shanya su bayan ɗaki. Ba'indiyar ta zo da kanta, ta tsaya a zaure da ƙunshin alewar madara. Barira ta aiko a ce ba ta nan. Ana kuwa jin tarinta daga tsakar gida.

Ranar gashi ta jera randuna da tukwane, ta kira matan unguwa su taya ta ɗora kara, kowa na gani. Kasaken ba su shiga wutar ba. Suna nan ɗanyu bayan ɗaki har damina ta sauka a kansu.