Ba a Aiken Goggo

Kowa a gidanmu ya ɗora wa gudun hijirar nan laifin gwiwoyin Goggo, kuma ba haka ba ne. Ina wurin. Shekarata goma sha biyu lokacin da muka baro Mubi da ƙafa, ni da ita, kuma ni ce na zauna a gefen hanya ina kuka na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba. Ita ta fizge ni ta tsayar, ga ƙullin kaya a kanta. Kwana uku muna tafiya kafin mu samu motar da ta kawo mu Jimeta. Da muka sauka a tasha ƙafafuna ne suka kumbura, nata ko gezau. Saboda haka in na ji ana cewa wai dajin nan ne ya cinye mata gwiwa, sai in ji kamar in fasa ihu.

Goggo yayar babana ce, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. A Mubi tana da 'yar gonar gyaɗa a bayan gari, tana kuma yin ƙuli-ƙuli. Siririya ce a lokacin, zani ɗaya yana zagaye ta sau biyu har da saura. Ban taɓa ganin ta zaune da rana ba sai in tana ɓarar gyaɗa.

Gidan ƙaninta muka sauka, wanda nake kira Bappa, ma'aikacin gwamnati ne. Da ya gan ta sai da ya yi hawaye a gaban yaransa. Ya riƙe hannunta ya ce, "Adda, kin gama wahala a duniya. Daga yau ko tsinke ba za ki ɗaga a gidan nan ba."

Mu kuwa muka ɗauki maganar kamar doka. Aka ajiye mata kujerar roba a gindin darbejiyar tsakar gida. In ta ɗauki tsintsiya, in ƙwace. In ta nufi famfo da buta, wani ya riga ta. Duk wanda ya zo jaje sai ya zo da kwano, wannan fura da nono, wancan masa, wani dambu. Bappa kuma kullum ya dawo ofis da ƙunshin balangu nata na daban, da safe shayi mai kauri da burodi. Ta fara cika. Baƙi su ce masha Allah, Jimeta ta karɓe ki. Bappa yana da hotonta na ranar da muka iso a wayarsa, yakan nuna wa mutane, sannan ya nuna ta zaune a kujera, don su ga bambanci da idonsu. Ni ma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Haka aka yi shekara goma. Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura ta koma sallah a zaune. Daga nan sai an ba ta hannu take tashi. Daga nan kujerar robar ta tsage aka sayo ta ƙarfe. Ranar da na ji ta tana kirana daga bayi a hankali, don kada kowa ya ji, ta tsuguna ta kasa miƙewa, ranar na ce wa Bappa asibiti za mu.

A asibitin Yola aka yi mata hoton ƙashi aka tura mu wurin likitar gashin ƙashi, wata mata mai gilashi da ba ta da lokacin kwana-kwana, irina. Ta ɗora Goggo a sikeli, ta dubi lambar, ta dube ni kamar ni na ɗura mata. Ta ce guringuntsin gwiwar ya siɗe, nauyin kuma ya fi ƙarfin abin da ya rage. A rage sukari da maiƙo da yawan tuwo, a ƙara ganye, sannan ta riƙa tafiya kullum. In ba haka ba, wata rana sai keken guragu.

Na ce, "Ban gane ba. Ƙafar da ke ciwo in an taka, ita za a taka?"

Ta ce ita fa. Kaɗan-kaɗan, a wuri mai laushi, da takalmi mai taushi, in ta gaji ta huta ta ci gaba. Na fito kaina yana juyawa. Shekara goma muna hana ta motsi don kada ta wahala, yanzu an ce hanawar ce wahalar.

Ni ba na jira. Washegari na ɓoye gwangwanin sukari, na raba malmalar tuwonta biyu, na cika mata kwano da zogale. Ta cinye abinta. Bappa ne ya yi magana. Ya tarar da kwanon ya tambaya ko yunwa aka fara a gidansa bai sani ba. Na ce likita ce. Ya ce likita ba ita za ta amsa tambayar dangi ba in suka zo suka ga yayarsa ta rame a hannunsa. Kuma bai yi ƙarya ba. Cikin wata biyu wuyanta ya ɗan faɗa, sai ga 'yan'uwa daga Girei sun zo gaisuwa, wata ta ja ni gefe tana raɗa, wai ko ciwon suga ne muke ɓoyewa. Wata kuma ta ce Goggo ta fara komawa kamar ranar da ta iso. Bappa ya ji wannan. Da yamma balangu ya dawo, ya miƙa mata da hannunsa yana kallona.

Shawara kuwa har ta ishe ni. Maƙwabciyarmu, tsohuwa 'yar Borno da ita ma gudu ya kawo ta, ta ce man kaɗe da gashin ruwan zafi. Matar Bappa ta samo a waya cewa lemon tsami a ruwan ɗumi kafin karin kumallo. Wani ya kawo jarkar magani daga masu lasifika na bakin babbar kasuwa, mai warkar da sanyin ƙashi da basir da mantuwa duka. Kowa da nasa, amma a abu ɗaya bakinsu ya haɗu: kada a bari ta taka ƙafar. Ni kaɗai ce da likitar a gefe guda, kuma likitar ba a gidan take kwana ba.

Na fara sa ta zagaye tsakar gida, sau goma da safe. Ina gaba ina ƙirgawa da ƙarfi kamar malamar firamare. Ta yi kwana biyu. A na uku ta tsaya a zagaye na huɗu ta dafa bango.

"Wai ina za mu ne?"

"Babu ko'ina, Goggo. Zagaye ne kawai."

"To ni ban taɓa tafiya babu inda za ni ba. Akwai wani a tashar Mubi da yake yin haka, yara suna jifansa."

Ta koma kujerarta. Na ce to, tunda wurin zuwa take so, mu fita titi. Na sayo mata takalmin kambas, ta ce na 'yan ƙwallo ne, da ƙyar ta sa. Ba mu yi taku hamsin ba mai keke napep ya tsaya. Na ce mun gode. Wani ya tsaya. Na uku har ya ce ba sai mun ba shi komai ba, saboda Allah, a tausaya wa tsohuwa. Wani malamin makaranta mai ritaya da ke layinmu, mutumin Numan, ya fito daga gidansa da makullin mota a hannu yana tambaya ko asibiti za mu. Kafin la'asar labari ya kai wa Bappa a ƙofar masallaci cewa an ga 'yarsa tana jan yayarsa a rana. Goggo ta ce ba za ta ƙara fita a yi kallonta ba. Na jefa kambas ɗin ƙarƙashin gado. Na haƙura, ko in ce na yi fushi, a wurina kusan duk ɗaya ne.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni wata Talata. Ni ke zuwa cefane kullum tun da na gama sakandare, don matar Bappa tana koyarwa, yara suna makaranta. Ranar na sha magani na koma barci, ban farka ba sai da hantsi ya yi sosai. Na fito, kujera babu kowa. Na duba ɗaki, na duba bayi. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da rabona da ita tun a hanyar Mubi. Na zura hijabi na fita ina tambayar mutane, jiri yana ɗibata.

A 'yar kasuwar unguwa na same ta, wurin da ni kaina sai na karya kwana sau biyu kafin in kai. Tana zaune a bencin mai kayan miya, kambas a ƙafarta, jakar cefanena a cinyarta, tana karya bakin kuɓewa ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa tana ware wa matar waɗanda suka tsufa. Tana faɗa mata wai shekara da shekaru ana sayar wa 'yarta itace da sunan kuɓewa, ita tana gani tana shiru. Matar tana dariya tana ba da haƙuri.

Na ce, "Goggo, da me kika zo nan?"

Ta ce, "Da me kika gani? Ke kina kwance, a ci me?"

Muka taho tare. Ta huta sau biyu, sau ɗaya a dakalin wani shago, sau ɗaya a jikin bishiya. Na miƙa hannu zan karɓi jakar ta hana. Keke ya tsaya, ita da kanta ta ɗaga masa jakar ta ce cefane ta je, ga gida can. Ya wuce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, titin nan ne dai, mutanen nan ne dai, amma babu wanda ya dube ta da tausayi. Sannu da dawowa kawai ake yi mata. Malamin nan ma yana ƙofar gidansa, ya gaishe ta ya tambayi yadda tumatir yake a kasuwa yau.

Da yamma gwiwar hagu ta ɗan kumbura. Bappa ya yi mini faɗa a gaban kowa, ni da nake rawar sanyi. Ni ma kumburin ya tsorata ni. Ko na kusa gurgunta ta ne? Da muka koma asibiti na faɗa wa likitar komai ina jiran ta zage ni. Ta matsa gwiwar, ta lanƙwasa, ta ce irin tafiyar da take nufi ke nan tun farko. A dai samo mata sanda, kuma ta riƙa hutawa kafin ciwon ya tilasta mata.

Na dawo gida da murna na ɗauka an gama. Washegari na warke sarai, na ɗauko jakar na ajiye mata a cinya na ce ko za ta je kasuwa yau ma. Ta dubi jakar, ta dube ni.

"Aike na za ki yi?"

Matar Bappa da ke ɗaura ɗankwali za ta fita ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni har cikin kunne. Na ce ba aike ba ne, magani ne. Goggo ta ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Ranar kina kwance ne, kowa ya sani. Yau kina tsaye da ƙafafunki, in ɗauki jaka in fita? Me za a ce da ke a unguwar nan? Me za a ce da Bappanki?"

Na ɗauki jakar na tafi cefanen da kaina, ina tafiya ina magana ni kaɗai. Wato ita tana zaune ne don kada a zage mu. Mu kuma mun zaunar da ita don kada a zage mu. To wa ke yi wa wa alheri? Tun yaushe take son tashi? Sau nawa na ƙwace tsintsiya a hannunta ina jin na yi abin kirki, ita kuma ta sake mini don kada ta kunyata ni? Ban sani ba. Na tambaye ta da rana ta ce in daina surutu in duba miya. Har kuɓewar da na sayo ranar, da ta karya bakinta, itace ce.

Na yi tunanin in riƙa ƙaryar ciwo. Ba zan iya ba, kuma mutum ba ya zazzaɓi kullum da safe ya warke da azahar. Na yi tunanin in sa likitar ta rubuta wa Bappa takarda. Zai karanta ya ce to, ya sayo balangu.

Akwai wani kemis a Jimeta da mai shi ta daɗe tana nema in riƙa tsare mata da safe, ina cewa ba zan iya barin Goggo ba. Jiya na je na ce mata na amince, daga bakwai zuwa azahar. Na biya wurin mai kayan miya na roƙe ta ta riƙa barin gefen bencin nan babu kaya. Na samo sanda wurin kafinta, ya sa mata roba a gindi. Bappa zan faɗa masa da bakina kafin ya ji a masallaci, kuma na san abin da zai ce, da abin da 'yan Girei za su ce, wai na bar tsohuwar da ta raine ni na tafi neman na kaina. Su faɗa. Ko Goggo za ta ɗauki jakar cefanen, ko za ta zauna a ci tuwo babu miya don ta nuna mini kuskurena, wannan ban sani ba. Ranar Litinin dai zan buga ƙusa a jikin darbejiyar daidai inda hannunta zai kai, in rataye jakar, in ajiye kambas da sandar a ƙasanta, in fice kafin ta idar da lazimi.