Ruwan Farko na Gidan su Zuwaira

Wata safiya a bazarar 1979 ina tsaye a tsakar gidan su Zuwaira a Tanut, tulu a ƙugu, gammo a ka, lokacin da babanta, direban kumandan mai mulkin gari, ya murɗa famfo karo na farko. Famfon ya yi tari, ya tofar da iska, sai ga ruwa shaa a cikin ƙwarya. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban yi ba. Ƙyashi ne ya hana ni, don a ranar na san wuyan Zuwaira ya rabu da tulu, nawa kuma yanzu ya fara.

Rijiyarmu tana bayan gari, mai zurfin da sai raƙumi ke jawo guganta. Kafin mu tafi lakwal, wato makarantar boko, sai mun yi sawu, mu jira Buzaye su gama shayar da dabbobi, mu dawo ƙafa fari fat. Zuwaira kuwa sai ta fito fes, ta zauna a bencin gaba, ta kuma zo ta ɗaya. Komai nata ne: lissafi nata, carafke nata, yabon mushe, malaminmu, nata. Ni ce ta biyu kullum, kuma ban taɓa yafe mata ba.

Bututun da babanta ya ja ruwan da shi, daga kangon wani gidan Nasara aka tono shi. Toka-toka ne, mai nauyi, mai laushin da ake lanƙwasa shi da hannu. Uwarta, Inna Habsu, ta kafa doka: ruwan da ya kwana a bututu, wanda ke fara fitowa da safe, na 'yarta tilo ne. Ta ce ya fi sanyi da garɗi. Da shi ake dama wa Zuwaira kunu, a cika mata gorar lakwal. Mu 'ya'yan maƙwabta sai an gama wanke-wanke ake ba mu sadakar moɗa ɗaya. Na sha roƙon Zuwaira kurɓi ɗaya daga gorarta, ta ce Inna ta hana. Da na kai ƙara gida, kakata ta ce, "Kina kallon kitse ga rogo, 'yar nan, ɗauki tulunki."

Bayan damina biyu Zuwaira ta fara ciwon ciki. Ta ɗashe, ta daina wasa, ga saurin fushi. Mushe zai tambaye ta abin da ta sani sarai, ta yi ta kallon allo. Inna Habsu ta ce bakin mutane ne, ta kuma san masu shi. Aka rufe mana ƙofa, aka yi turare, aka sha rubutu, da wannan ruwan farkon dai ake wanke allon. Abin dariya, ko a lokacin ƙyashinta nake yi, don ana ba ta ƙwai da madarar gwangwani, har an kai ta Damagaram cikin mota, ni ko tasha ban taɓa wucewa ba.

Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, shi ya duba dasashinta ya ga wani shuɗin layi, ya biyo su har gida. Muna leƙe ta katanga ya kankari bututun da wuƙa, wurin ya yi ƙyalli kamar sabon cokali. Ya ce dalma ce, tana narkewa cikin ruwan da ya daɗe a tsaye, kuma yara ta fi ci. Ya ce a bar famfo ya zuba sosai kafin a sha, tafasawa ba ta fitar da ita, maganin gaskiya kuma a tone bututun.

"A nan ƙasar Damargu za a zubar da ruwa, Majo?" in ji Inna Habsu. "Mu da muka ga shanu na mutuwa a bakin rijiya?"

"Ki yi wanki da shi, Inna," ya ce, "amma kada ya sake shiga cikin yarinyar nan."

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zane. Abin da ta hana kowa don ta ba 'yarta, shi ne ya cuce ta. Kafin a samo bututun ƙarfe, Zuwaira ta bi mu rijiya da sabon tulu, ni na naɗa mata gammo. Ciwon cikin ya lafa, jiki ya dawo, amma karatun bai dawo ba. A shekarar jarrabawa ni na zo ta ɗaya, ita ko ba a ma kira sunanta ba.

Yau famfo ya cika gari, bututun roba ne, yara na murɗawa ba su san gammo ba. Duk tsohon gidan da na shiga sai na kankari bututunsa, na ce a bar ruwan safe ya wuce, har jikokina na yi mini tsiya. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, Zuwaira kuwa tana tuyar ƙosai a ƙofar gidansu, in na wuce ta kira ni malama, ta ƙara mini gyara. Ina amsawa, amma na san wadda ta fi ni cancantar sunan.