Ranar Da Telan Da Ya Kayar Da Kakana Ya Zo Madina

Shekarun baya, lokacin ina tsaron shagon dabino kusa da Harami, wani magidanci ya turo wani tsoho a keken guragu har bakin shagon. Na ɗauka dabinon ajwa za su saya, har na fara yi musu tallar kaya da gurguwar Hausata. Tsohon bai ko kalli dabinon ba, ni yake kallo.

"An ce min kai jikan mai gyaɗa ne," in ji shi. "Ba sai an faɗa ba ma, ga hancin nan. Yana raye?"

Na ce yana nan. Ya ce to in je in gaya masa tela ya zo.

Kakana, wanda ya haifi mahaifiyata, Sidi muke ce masa kamar yadda 'yan Madina ke kiran kaka. A zamanin Turawa babban ɗan kasuwa ne a garinsu, can arewacin Nijeriya. Shi ke sayen gyaɗa a hannun manoma ya kai wa kamfani, yana da motocin lori, kuma yana cikin majalisar gari. Shi ya tsaya aka mayar da kasuwa bakin tasha, shi ya kawo famfon farko. Da aka zo zaɓe, wani tela ɗan jam'iyyar talakawa ya tsaya takara da shi, ya kuma kayar da shi. Bayan 'yan shekaru kakana ya sayar da motocin, ya kwaso iyali ya zo aikin Hajji, bai sake komawa ba. Kullum addu'arsa Allah ya sa a maƙabartar Baƙi'a za a binne shi.

A lokacin da nake ba ku labari ya tsufa tukuf. Tun rasuwar kakarmu ya daina hira, abinci ma sai an yi ta lallashi. Yana gidanmu a unguwar Jurf, daga gado sai darduma.

Da na kai wa mahaifiyata saƙon, sai ta ajiye ludayin hannunta.

"Ba zai shigo gidan nan ba," ta ce. "Ka san Baba ne ya sa aka ɗaure mutumin nan? Ya yi taron siyasa a kasuwa ba izini, Baba ya kai ƙararsa. Me ya zo nema yanzu? Zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. Halas, magana ta ƙare, ka ce masa ba shi da lafiya."

Sai muka ji murya daga ɗaki, muryar da muka daɗe ba mu ji da ƙarfi haka ba.

"Wane tela?"

Na shiga na faɗa masa. Ya ce, "Ashe bai mutu ba. A fito min da babbar rigata."

Washegari bayan La'asar na ɗauko tsohon da ɗansa, magidancin nan da ya turo shi, a mota. A hanya na yi ta haddace hadisai kan yafiya, wai ni ne zan yi sulhu. Har na tsara inda zan zauna a tsakaninsu.

Ba wanda ya nemi hadisina. Suna gama gaisawa kakana ya ce, "Tela, ka tsufa."

"Kai fa, mai gyaɗa? Ina tumbin?"

"Mutanen gari sun ci gishirin da na raba, sun ɗaura atamfata, suka je suka zaɓe ka. Wannan ba amana ba ce."

"Ai ni ma na ci," in ji tela. "Matata ta je ta karɓo rabonta. Da gishirinka muka yi miyar ranar zaɓe."

Kakana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mahaifiyata ta leƙo a tsorace, ya ɗaga mata hannu, ya ce a kawo shayi da abin taɓawa. Suka shiga gardamar kasuwa. Tela ya ce don motocinsa su huta kakana ya mayar da ita bakin tasha. Kakana ya ce to da ya hau kujerar me ya hana shi mayar da ita? Tela ya ce, "Da na zauna na duba, sai na ga wurin ya fi." Ni da ɗansa muna gefe muna zuba shayi, rabin sunayen da suke kira duk na matattu ne.

Can sai tela ya ajiye kofinsa.

"Alhaji, ba gardama ce ta kawo ni ba. Lokacin da ina gidan yari, mahaifiyata ta rasu. Ni kaɗai ne ɗanta namiji. Maƙwabta ne suka kai ta, sai kabari aka nuna min da na fito."

Kakana ya dube shi.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Lokacin wa zai tare ka da irin wannan magana?"

"Ka yafe min."

"Na yafe tun tuni, tun ranar da na zauna a majalisa ni ma na sa aka kama wani. Amma ban so in mutu ba ka sani ba."

Kakana ya miƙa hannu, tela ya kama. Suna riƙe da hannun juna har aka kira Magariba. A zaune suka yi sallah, kafaɗa da kafaɗa.

Bayan nan kullum sai na ɗauko shi. Ana saura kwana kaɗan su koma gida, zazzaɓi ya kama tela, aka kai shi asibiti, bai fito da rai ba. Aka yi masa sallah a Harami bayan Azahar. Kakana ya ce ko a kafaɗa ne sai an kai shi, don haka na tura shi a keke har cikin Baƙi'a. Da aka gama rufewa ya kamo hannuna na sunkuya.

"Ka gani ko? Tun uwarka tana yarinya nake zaune a garin nan ina jiran wurin nan. Mutumin nan ya zo da bizar Umra ya riga ni."

Ya faɗa yana murmushi, hawaye na bin gemunsa.

Kafin ɗan tela ya tafi, kakana ya kira shi ya tambaye shi sunan kakarsa, matar da ta rasu ɗanta yana tsare. Sannan ya juyo gare ni.

"Ni ba zan iya ɗawafi ba. Kai za ka je Makka ka yi mata Umra."

Na je. Na tsaya a miƙati da harami a jikina, na ɗaura niyya da sunan matar da ban taɓa gani ba, wadda ta bar duniya tun ba a haifi mahaifiyata ba. Da na dawo da aski a kaina, ya shafa kan, ya ce, "Madalla." Ya ƙara 'yan shekaru yana cin abincinsa yana ba mu labarin gyaɗa, sannan shi ma aka kai shi Baƙi'a.

Ni dai na tashi ina jin labarin kakana a matsayin mutumin da ya kawo famfo, na kuma yarda haka ne, har yau na yarda. Amma akwai wani gida a can garinsu da labarinsa daban ne a wurinsu, kuma shi ma gaskiya ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bai kare kansa ba. Bai ce doka ce ba, bai ce zamani ne ba. Na kai shekarun da nake da nawa iko yanzu, a shago da cikin gida, kuma na gane faɗin "ban sani ba, ka yafe min" ya fi tsayawa zaɓe wuya.