Gorar Hajiya Gambo

Ranar da Hajiya Gambo ta kusa faɗuwa a cikin fadama ba ta taɓa fita raina ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Lokacin ina shekarata ta biyu a wannan kamfani namu na yawon buɗe ido da ke unguwar Dokki a Alƙahira, ina aikin da yawancinku kuke yi yanzu, wato rufe baya. Ga waɗanda ba su fara fita ba: a kowane yawon ƙafa jagora ne a gaba, mai rufe baya a ƙarshen layi. Babu wanda zai rage a bayanka, kuma ba a raba ayari gida biyu sai da izinin jagora. A kowane zango kowa zai sha ruwa, jagora ya bi yana tambaya ko lafiya.

Wata Asabar ce cikin bazara. Muka kwashi mutum goma sha takwas daga unguwar Ma'adi, yawancinsu Hausawa, muka nufi wani dajin shuka a hanyar Isma'iliyya. Dogayen itatuwa ne masu ganye kamar allura, waɗanda Misirawa ke kira sanaubar, daga bayansu kuma fadama ce cike da kacalla da balbela. Jagoranmu Ustaz Magdi ne, mutumin da ya san hanya sosai amma yake ganin duk abin da ba ya cikin takardarsa shirme ne.

A cikin baƙin akwai Malam Auwal, ɗalibin da ya shekara goma a Alƙahira, da surukarsa Hajiya Gambo, wadda ta zo daga Gusau jegon 'yarta ta fari. Mai jego tana gida, shi kuma ya ce bari ya fito da Hajiya ta sha iska. Bawan Allah saboda kyautatawa ya karɓi gorar ruwanta ya riƙe, ya jera da ita kafaɗa da kafaɗa.

A zango na farko ya miƙa mata gorar, ta kau da kai ta ce ba ta jin ƙishirwa. A na biyu ma haka. Ustaz Magdi ya zo ya ce "Tamam?", wato lafiya dai, ta gyaɗa kai, ya wuce abinsa. Na matsa na tambaye ta a hankali ko azumi take yi. Ta ce a'a, ta saci kallon Malam Auwal, ta ja mayafi. Nan take na gane, na kuma ji haushin kaina da ban gane tun a mota ba. Dattijuwa irin Hajiya ba za ta ɗaga gora ta kafa a baki a gaban mijin 'yarta ba, balle 'yar fari, ko da maƙogwaronta zai tsage. Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne Malam Auwal. Zaman Masar ya cika masa kai da littattafai, ya mantar da shi abin da kowa a unguwarsu ya sani.

Na yi sauri na cimma Ustaz Magdi, na roƙe shi ya kira mutumin gaba, ko ya ba ni minti biyar mu tsaya da ita mu biyu. Na yi masa bayani dalla-dalla. Dariya ya yi, ya ce shi bai taɓa jin inda kunya ta hana mai ƙishirwa sha ba, iyali tare suke tafiya, kuma ita da bakinta ta ce lafiya. Ya tafa hannu ya ce yalla, mu tafi.

Muka fita daga inuwar itatuwa muka hau siririn kan gaɓar da ta ratsa fadama, ruwa dama da hagu, rana tana tsakar ka. Ina bayanta ina kallon ƙafafunta suna harɗewa. Da ta yi tangaɗi na biyu na cafke hannunta, na ji shi a bushe da zafi, babu ko ɗigon gumi. A nan na ajiye doka gefe. Na karɓe gorar daga hannun Malam Auwal, na ce masa, "Malam, ka wuce gaba, kuma don Allah kada ka waiwayo." Ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli gorar a cike, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya wuce kansa a ƙasa.

Na zaunar da ita a bayan kacalla, na kare ta da mayafina. Ta sha a hankali har ta ga ƙarshen gorar, na ba ta tawa. Da numfashinta ya daidaita, maganar farko da ta yi ita ce, "'Yar nan, ya gan ni?"

Na ce, "Bai gan ki ba, Hajiya." Sai da ta ji haka ta yarda ta jingina a jikina.

Kusan rabin awa muka yi kafin mu cimma ayari. Ustaz Magdi ya yi min faɗa a gaban baƙi kamar na sato wani abu. Washegari a ofis aka miƙo min rahoton da ya rubuta in sa hannu. A ciki an ce na raba ayari ba da izini ba, wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a layi na gaba an rubuta wai baƙuwar ta ƙi bin umarnin shan ruwa. Manaja ya ce ma'alish, wato ba komai, in sa hannu a wuce wurin. Na ce ko aikin zan rasa ba zan shaidi ƙarya a kan tsohuwar da ta kusa mutuwa don ta girmama surukinta ba. Na ɗauki biro na soke layin, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba a ba ta wurin sha ba. Aka dakatar da ni mako guda, na yi zamana a gida a unguwar Hadayek ina cika ina batsewa.

Don haka idan an ba ku jerin sunayen baƙi, ku tambayi wa ke surukin wa kafin mota ta tashi. Mutanenmu za su ce muku lafiya lau har su faɗi. Ni tun daga ranar na daina yarda da amsar baki, gora nake dubawa.