Gefen Sha da Gefen Wanki

Warin ne ya fara tarbata, tun kafin in sa ƙafa a jirgin. Ƙarnin kifi ne haɗe da hayaƙin banda, da wani tsami irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Na ja bakin hijabina na rufe hanci, sai na ga Goggo tana kallona, na yi kamar gumi nake sharewa.

Goggo ƙanwar Baba ce. Mijinta yana dakon bandar kifi a Tafkin Chadi, daga tsibirai zuwa gaɓar Baga, kuma idan ruwa ya cika a cikin jirgin suke zama wata da watanni, su da jaririyarsu. Ina aji ɗaya na sakandare Baba ya ce in bar unguwarmu Lamisula in je in yi musu mako guda, in ga inda kifin da yake sayarwa yake fitowa. Na haɗa jakata. A gidanmu dama ni ce wadda ba ta cewa komai.

Jirgin katako ne mai tsawo, da rumfar tabarma a tsakiya. Akwai inji a baya, amma idan iska ta yi kyau mijin Goggo yakan kashe shi ya ɗaga wani ƙaton ƙyalle da aka ɗinka da buhunan taki, iska ta yi ta tura mu. A ƙarƙashin katakon da muke takawa wani baƙin ruwa ne kwance, ɓawon kifi yana yawo a kai. Kyankyasai kuwa ko tsoron mutum ba sa yi.

Ina zama Goggo ta miƙa hannu ta gefen jirgi, ta kore ciyayi da gindin moɗa, ta ɗebo ruwa ta ba ni. Launinsa kamar an jiƙa tsamiya. Na kai bakina, na jiƙa leɓe, na ajiye. Nan take ta karanta mini dokar gidan: gefen dama na jirgin na sha ne da girki da alwala, gefen hagu na wanki ne da zubar da ƙazanta. Ta ce ko mijinta ya kuskura ya tofa yawu a dama sai ya ji da ita.

Da farko dokar ta ɗan kwantar mini da hankali. Amma washegari da hantsi muka tsaya a wani tsibiri jiran lodi, aka ɗaure jirgin da igiya ɗaya a jikin sandar da aka kafa a laka. Goggo ta wanke kashin jaririya a hagu, ta fasa tarwada ta watsa hanjin a wurin. Ina zaune ina kallon hanjin yana lilo a kan ruwa, sai iska ta sauya. Jirgin ya juya a hankali, a hankali, kamar akuya a turke. Kafin azahar hanjin nan yana hannun dama. Na gane shi sarai, da ɗan zaren jini a jikinsa. Goggo ta kore shi da gindin moɗa, ta ɗebo, ta sha, ta yi hamdala.

Daga ranar na ƙudura ba zan sha ba. Mama ta sa mini ledoji shida na ruwan fiya wata a jakar makaranta, su na riƙa tsotsa a ɓoye a bayan kwalayen banda. Ledar da ta ƙare sai in cusa ta cikin safata, don in na jefa a tafki za ta yi ta bin jirgin tana tona mini asiri. Tuwo da miya ina ci, tunda sun ga wuta. Alwala ce ta fi damuna: kurkurar baki na mayar da ita sau ɗaya, ita ma ina yi ina runtse ido.

Abin da nake tsoro shi ne Goggo ta gane. Matar nan ta ba ni tabarmarta mafi kyau, tana zaɓo mini tsokar da ba ƙaya, tana gaya wa matan tsibiri cewa 'yar yayanta ce ta zo daga birni, mai karatu. Ta yaya zan ce mata ina ƙyamar abin da take shayar da 'yarta?

A rana ta huɗu ruwana ya ƙare. A ta biyar leɓena ya tsage, kaina yana sarawa, harshena kamar an shimfiɗa masa yashi. Ina kwance a rumfa Goggo ta buɗe jakata za ta haɗa kayana da wanki. Ta zaro safar, ta girgiza, ledoji shida suka zubo a cinyarta.

Mijinta ya yi dariya har yana dukan katako, ya ce ashe baƙuwar tasu da rijiyarta ta zo. Goggo ba ta yi dariya ba. Ta jera ledojin ɗaya bayan ɗaya, tana miƙar da su da tafin hannu.

"Kwana nawa rabonki da ruwa?"

Na nuna mata yatsa ɗaya, na ƙara da rabi.

"Wato ki mutu a hannuna, a ce na kashe wa Yaya 'ya, ya fi miki sauƙi da ki buɗe baki? Ruwan nan shi ya sai miki littafi, 'yar boko."

Na so in gaya mata zancen igiya ɗaya da iska da hanjin tarwada, amma maganar ta ƙi fitowa. Ta miƙa hannu ta dama, ta kore ciyayi, ta cika moɗa, ta riƙe mini a gaban fuska. Wani ɗan abu fari yana wutsil-wutsil a ƙasan moɗar. Na san gawayinta saura kaɗan, don da safe na ga tana tsintar gutsattsari a gindin buhu.

"Goggo," na ce, muryata da ƙyar take fita, "don Allah ki ɗora mini shi a wuta tukuna, ko da a tukunyar kifin ce."